Sama na daskarewa, ƙasa ba sanyi: wai gas ne ya ƙare?

Maman Yusra:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu sanin harkar firji ku agaza mini. Nawa mai ƙofa biyu ne, firiza a sama, wajen abinci a ƙasa, irin wanda ba ya tara ƙanƙara a bango. Kwanakin nan sama na daskarar da ruwa yadda ya saba, amma ƙasan sai a hankali. Ka sa gorar ruwa da daddare, da safe ka ɗauko ta salam, ba sanyi ba ɗumi. Injin kuwa ba ya hutawa, dare da rana ƙugi yake. Na murɗa lambar sanyi har ƙarshe, ba abin da ya canza. Maƙwabciyata ta ce gas ne ya ƙare. Kafin in kira mai gyara ina so in san abin da zan ce masa.

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam. Anti gas ne, ba ko tantama. Ki kira mai gyara ya ɗura miki, kafin ki gama wanke-wanke an wuce wurin.

Oga Bala:
Ɗan Auta bi a sannu. Hajiya, kar ki bari kowa ya taɓa gas ɗin nan tukuna. Irin firjinki wajen haɗa sanyinsa guda ɗaya ne tak, yana ɓoye bayan murfin roba da ke can ƙuryar firiza. Wata 'yar fanka ce ke busa sanyin ta wata kafa ya sauka ƙasa. Tunda sama na daskarar da ruwa, kwamfireso, wato injin nan da ke ƙugi a baya, na aikinsa, gas ma na nan. Sanyin ne bai samu hanyar sauka ba.

Ki duba mini waɗannan. Ki buɗe firiza, ki danne ɗan maɓallin ƙofa da yatsa idan yana da shi, ki kasa kunne ko za ki ji fanka na juyawa. Ki haska murfin nan na ƙurya da tocila, ki ga ko ƙanƙara ta feso ta tsagoginsa. Sannan ki buɗe ƙasa ki sa bayan hannunki a kafar da iska ke fitowa, ki ji ko akwai iska.

Maman Yusra:
Oga na duba. Fankar tana juyawa amma tana wata ƙara, kar-kar-kar, kamar tana bugun wani abu. Murfin ya yi fari fat daga ƙasa, har ya ɗan kumburo. A ƙasan kuma ban ji iska ba ko kaɗan. Na kuma ga ruwa kwance a ƙarƙashin aljihun kayan lambu.

Oga Bala:
To magana ta fito. Ƙanƙara ce ta cinye bututun sanyin, ta toshe hanyar iska, har fukafukan fanka sun fara dukanta, ita ce ƙarar da kike ji.

Ga yadda abin yake. Duk buɗe ƙofar da aka yi, iska mai laima na shiga, laimar ta je ta daskare a jikin bututun. Shi ya sa aka sa hita a ƙarƙashinsa. Bayan kwamfireso ya yi aikin awa 6 zuwa 12, gwargwadon ƙirar firjin, sai taima, wato ɗan agogon da ke ƙirga masa lokaci, ko allon lantarki ya tsayar da shi, ya kunna hitar kamar minti 20 zuwa 30. Ƙanƙarar ta narke, ruwan ya bi wani ɗan bututu ya zuba a farantin da ke kan kwamfireso a baya, zafin injin ya busar da shi. Kullum yana wannan aikin ba ki sani ba. Ranar da hita ta ƙone, ko taima ta tsaya, ko sensa mai auna sanyi ya mutu, ko fis ɗin kariyar zafi ya yanke, ƙanƙara za ta yi ta hawa kan ƙanƙara har iska ta rasa ta inda za ta bi.

Abin da za ki yi da kanki: ki kwashe kaya, ki cire filogi, ki bar ƙofofin biyu a buɗe awa 24 cur, ki shimfiɗa tsumma a ƙasa. Kar ki ga ta waje ta narke ki ce an gama, ta cikin murfin ita ce mai taurin kai. Bayan nan ki mayar da wuta. Idan ƙasa ya dawo da sanyi, gas ya wanku daga zargi. Idan bayan 'yan kwanaki ko mako ɗaya zuwa biyu ya koma gidan jiya, to kayan narkar da ƙanƙara ne suka mutu, sai a kira mai gyara ya zo da mitar gwajin lantarki ya auna su ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya Babba:
Allah ya yi maka albarka ɗan nan. Amma ni tambayata, kayan da ke ciki fa? Awa 24 ai ba wasa ba ne. Ni ita Maman Yusra nake tausayawa, firiza cike da nama.

Injiniya:
Hajiya ranki ya daɗe, na firiza ai da sauƙi. A zuba su a kula a rufe da kyau, ko a kai ajiya wani firizan. Na ƙasan ne abin dubawa. Ƙa'ida ita ce wajen abinci ya zauna tsakanin digiri 3 zuwa 5, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Nama, kifi, madara da dafaffen abinci da suka yi kwanaki a wajen da ba sanyi, kar a dogara da shinshinawa, don ƙwayoyin cutar da ke kwantar da mutum ba lallai su sa abu ya yi wari ba.

Ina so in ɗan gyara wa Oga Bala magana ɗaya, da girmamawa. Ba kullum ne sanyin firiza ke wanke gas ba. Idan yoyon ƙarami ne kuma yanzu ya fara, gas ɗin da ya rage zai iya sanyaya farkon bututun, firiza ya yi ɗan sanyi, ƙasa ya rasa. Abin da ke raba gardama shi ne a cire murfin a ga yadda raɓar ƙanƙara ta kwanta. Lafiyayyen firji tana rufe bututun gaba ɗaya, siririya, daidai wa daida. Mai matsalar hita za ka tarar da dunƙulen ƙanƙara ko'ina. Mai ƙarancin gas kuwa dunƙule ɗaya za ka gani a bakin shiga, sauran bututun a bushe.

Oga Bala:
Na karɓa Injiniya, haka yake. Sai dai nata da murfi ya kumbura, fanka na dukan ƙanƙara, ga ruwa a ƙasa, ba sai an je da nisa ba.

Ɗan Auta:
Ni fa har yanzu ban gamsu ba. Namu na gida duk bayan wani lokaci sai an zo an ƙara masa gas, kuma da an ƙara yake dawowa garau. Idan gas ba ya ƙarewa me ake ƙarawa?

Oga Bala:
Yawwa, nan nake jiran ka. Gas ɗin firji ba fetur ba ne da injin ke ƙonawa ya ƙare. A rufe yake ruf cikin bututu, zagayawa kawai yake. Kwamfireso ya matsa shi ya yi zafi, ya bi baƙaƙen bututun baya ya saki zafin ya zama ruwa, ya ratsa filta, ya shiga siririn bututun nan da muke kira kafilari, ya fito cikin bututun sanyi ya koma iska yana zuƙe zafin cikin firjin, ya sake komawa kwamfireso. Wanda kamfani ya ɗura ranar farko, shi ne ya kamata ya kai firjin ƙarshen rayuwarsa. Naku da ake ƙara wa kullum yoyo yake, kuma ba wanda ya tsaya ya nemi ɓular ya toshe.

Sani Mai Sanyi:
Salamu alaikum. Oga Bala babba ne a sana'ar nan, amma bari in kare mu ƙanana. Mutane ne ke zuwa da maganarsu a shirye, a zuba mini gas. Ka ce bari ka nemi yoyo, sai an kwana biyu, mutum ya ce kana ja masa rai, ya ɗauki kayansa ya kai wa na gaba da kai. Sannan ba kowane yoyo ake gani ba. Idan a mahaɗar walda ne ta baya, kumfar sabulu za ta nuna maka, wani lokaci ma maiƙon da ya jiƙa wurin ya tona asiri. Amma na cikin bango fa? Firjin yanzu da yawa bututun zafi a cikin jiki yake, cikin soson nan da aka ɗura. Ga kuma wanda ke zagaye bakin ƙofa don hana gumi, na ƙarfe ne a yawancinsu, tsatsa na cin sa a inda ido ba ya kaiwa. Irin wannan in na ɗura gas ya yi wa mutum watanni, laifi ne?

Oga Bala:
Sani ba laifi ba ne idan ka gaya masa. Ka ce ranka ya daɗe, yoyon nan a cikin jiki yake, ɗurin da zan yi na ɗan lokaci ne, zai sake gudu. Ya zaɓa da idonsa a buɗe. Abin da nake ƙi shi ne a ce masa gas ya ƙare, ya tafi yana zaton haka firji yake, ya dawo bayan wata uku a sake karɓar kuɗinsa.

Kuma na cikin bangon ma ba duka ne ba su da magani ba. A raba layin gida biyu, ɓangaren zafi daban, na sanyi daban, a ɗura iskar naitirojin a kowanne, a sa agogon awo a bari ya kwana. Wanda allurarsa ta sauka shi ne mai ɓula. In na bakin ƙofa ne a tsallake shi, illar kawai bakin ƙofar zai riƙa gumi. In na zafi ne na cikin bango, a ɗaura masa sabon kwandensa, wato baƙin bututun zubar da zafi, a baya irin na da. In na sanyi ne da ke binne a soso, to nan gaskiya sai a auna kuɗin aikin da kuɗin wani firjin.

Sani Mai Sanyi:
Naitirojin ɗin nan ba kowane shago ke da tukunyarsa ba Oga, kai ma ka sani. Mu da kwamfireson kansa muke kore iskar da ta shiga layi kafin ɗuri, kuma firji na tashi.

Injiniya:
Yana tashi Malam Sani, ba wanda ya musa. Tambayar ita ce ya daɗe? Korar iska da kwamfireso ba ta fitar da laima. Kafilari raminsa bai kai milimita ɗaya ba a yawancin firjin gida. Ɗigon ruwa ɗaya ya ishe shi. Zai je bakin fita inda sanyi ya fi tsanani ya daskare, ya toshe hanya. Sai ka ga firji ya yi sanyi na ɗan lokaci ya ɗauke, a kashe shi ya huta ya dawo, ya sake ɗaukewa. Mai shi ya rasa gane kansa. Abin ya fi muni a masu gas ɗin da ake kira R134a, don man da ke cikin kwamfiresonsu shan laima yake, ya lalace, ya fara cin rufin wayar injin daga ciki. Duk layin da aka buɗe, a canza filta, a ja shi da injin bakyum mai zuƙe iska da laima, sannan a ɗura gas da sikeli daidai giram ɗin da aka rubuta a takardar jikin firjin. Na gida da yawa abin da suke ɗauka bai kai giram 150 ba, wasu ko 60 ba su kai ba. A irin wannan ƙanƙanin awo, ɗurin ido ko na taɓa bututu da hannu kuskurensa yawa gare shi. In ya yi yawa ma matsala ce, za ka ga bututun da ke komawa kwamfireso ya yi ƙanƙara.

Sani Mai Sanyi:
Maganar filta da sikeli na yarda. Amma Injiniya, hannun da ya shekara goma yana ɗuri shi ma sikeli ne. Takarda daban, bakin aiki daban.

Admin:
A ci gaba da muhawara cikin mutunci, muna ƙaruwa. Masu turo tallan kaya a ƙarƙashin wannan zaren, na goge, kar a sake.

Abu Hafsa:
Tunda masana sun hallara bari in shigo da tawa. Nawa ƙofa ɗaya ne. Fitila na kamawa, amma ba sanyi sam. A baya sai in ji ya yi ɗan gurnani, huuum, na 'yan daƙiƙoƙi, sai ƙas, ya yi shiru. Bayan 'yan mintuna ya sake. An ce mini kwamfireso ya tafi.

Oga Bala:
Malam, fara cire filogin yanzu kafin mu yi magana, don kowane ƙas ɗin nan gasa injin yake. Abin da kake ji kwamfireso ne ke son tashi ya kasa, ya ja wuta da yawa, sai obalod, wato abin kariyarsa, ya yanke don kar ya ƙone. In ya huce ya sake gwadawa.

Kafin a yanke masa hukunci a duba ƙarfin wuta. Injin da aka yi don 220 zuwa 240, in wuta ta faɗi sosai ba zai iya tashi ba, haka zai yi ta yi. Doguwar waya siririya da aka jona da wasu kaya ma na jawo haka, firji soket ɗinsa yake so shi kaɗai. In wuta lafiya, sai rile, ɗan abin da ke taimaka wa injin tashi. A gefen kwamfireso akwai baƙin murfin roba, a ciki akwai ɗan abu da aka soka a kan ƙafafun injin. A zare shi a girgiza kusa da kunne. Irin na yanzu mai ɗan faifai a ciki, in ka ji tarkace na kaɗawa ko ƙaurin ƙuna, ya fashe. Ƙaramin abu ne, canza shi ba ya ɗaukar lokaci, kuma ya sa an zubar da lafiyayyun kwamfireso ba adadi. In akwai kafasito, ɗan gwangwanin nan mai tara wuta, shi ma a auna shi, kuma kar a taɓa ƙafafunsa da hannu don yana riƙe wuta ko an cire filogi.

Shi kwamfireson ƙafa uku gare shi. Mai gyara ya sa mita ya auna tsakanin kowace biyu, zai samu awo uku. Ƙananan biyun in aka haɗa su ya kamata su ba da babban. In wata ƙafa ba ta karanta komai, waya ta yanke a ciki. In mita ta nuna haɗi tsakanin ƙafa da jikin ƙarfen, ya ƙone, kuma irin wannan ne ke jan mutum in ya taɓa firji. In awo ya yi daidai, ga sabon rile, ga wuta mai kyau, amma har yanzu gurnani yake ya yanke, to ya cije daga ciki, sai canji. Duk wanda ya ce maka ya tafi bai fito da mita ba, ka ce ya auna a gabanka.

Abu Hafsa:
Na gode Oga. Wutarmu kam tana yawan ɗaukewa ta dawo nan take. Ko shi ne sila?

Injiniya:
Zai iya zama. Lokacin da injin ya tsaya, ɓangaren zafi na cike da matsi, sai an ɗan jima yake daidaita ta cikin kafilari. In wuta ta dawo nan take, injin zai yi ƙoƙarin tashi a kan wannan matsin, ga rile bai huce ba. Shi ya sa ake cewa a jira kamar minti 5 kafin a mayar. Ka nemi sitabilaiza ko abin kariyar firji mai jinkiri, shi zai riƙa yi maka jiran ko ba ka gida.

Gargaɗi ɗaya ga masu sabon yayi mai inbata: shi ba shi da wannan rilen, allon lantarki ne ke tuƙa kwamfireson. Kar a bari wani ya jona shi kai tsaye da wutar gida wai gwaji, ƙona shi zai yi.

Hajiya Babba:
Ku kuna ta maganar mita da naitirojin, ni bari in faɗi na tsofaffi. Rabin firjin da ake cewa ba ya sanyi, ƙofa ce ba ta rufuwa. Robar bakin ta yi datti ko ta saki. Ki sami takarda ki rufe ƙofa a kanta, ki ja. In ta zare salin-alin ba ta yi gardama ba, wurin nan iska na shiga. Ki bi duk zagayen haka, musamman kusurwar ƙasa inda miya ke zuba ta bushe. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon burushin haƙori sun isa. Sannan yara, a buɗe a tsaya ana kallon ciki ana tunanin abin da za a ɗauka. Ga cusa kaya har a toshe kafar iska da leda.

Oga Bala:
Hajiya kin gama magana, da za ki buɗe shago da mun rasa abin yi. In robar ta lanƙwashe, a ɗan busa mata iskar abin busar da gashi daga nesa-nesa a ja ta da yatsa, takan miƙe. In ta tsage sai sabuwa. A kuma ɗan ɗaga ƙafafun gaba kaɗan yadda ƙofa za ta riƙa komawa da kanta.

Na ƙara da baya. Firji ba ya ƙirƙirar sanyi, zafin ciki yake kwasowa ya zubar a waje. In an manna shi da bango, ko an kafa shi kusa da murhu ko inda rana ke dukansa, ko ƙura ta lulluɓe bututun baya, ina zai zubar? A bar masa tazarar kamar faɗin tafin hannu, a cire filogi a share ƙurar da burushi. Masu ɗan fanka a ƙasa kusa da kwamfireso a duba tana juyawa. Wanda kuma gefunansa ke ɗumi kar ya tsorata, bututun ne a ciki, aikinsa yake. Abin tsoro shi ne injin na ta aiki amma bututun baya ko gefunan sanyi ƙalau.

Injiniya:
Akwai kuma abin da mutane ba sa dubawa wajen saye. A takardar jikin firji akwai ajin yanayi. N an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST zuwa 38, T zuwa 43. Wanda ya sa mai N a ɗakin da ke kai 40, firjin lafiyarsa ƙalau amma ba zai taɓa ƙoshi ba, zai yi ta aiki ba hutu, a yi ta zargin gas.

Maman Yusra:
'Yan uwa ga rahoto. Na yi yadda Oga Bala ya ce, ruwan da ya fito har farantin baya ya cika ya zuba. Da na mayar da wuta ƙasa ya yi sanyi sosai, ƙarar fanka ta ɗauke. Ban jira ya sake toshewa ba na kira mai gyara, na ce ya auna hita da sensa. Ya kalle ni ya ce Hajiya wa ya gaya miki? Hitar ce ta yanke, mita ba ta karanta komai a kanta. Ya kuma tarar ramin da ruwa ke bi ya toshe da datti, ya wanke shi da ruwan ɗumi. Na mayar da lambar sanyi tsakiya. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ɗan Auta:
To Anti Allah ya kiyaye gaba. Oga ni yanzu namu nake so a duba. Mai gyaranmu ya ce gas ɗin da ke ciki R600a ne, amma in babu zai iya sa R134a, wai duk sanyi ne.

Oga Bala:
Kar ka yarda. Kowane kwamfireso da gas ɗin da aka ƙera shi dominsa, an rubuta a jikinsa. Na R600a cikinsa ya fi girma don gas ɗin matsinsa kaɗan ne. Ka ɗura masa R134a ka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, ga mai ba iri ɗaya ba, ga kafilari ba awo ɗaya ba. Zai yi sanyi yau, ya mutu gobe.

Hajiya Babba:
Wannan R600 ɗin ba shi ne aka ce yana kama wuta ba? Me ya sa za a sa mana abin wuta a ɗaki, ina na da ɗin da ba ya komai?

Injiniya:
Shi ne Hajiya, ɗan uwan gas ɗin girki ne, sunansa aisobutan. Na da ɗin R12 ne, ba ya kama wuta, amma an gano yana cinye rufin ozon da ke tare mana hasken rana mai cutarwa. A 1987 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal, ƙasashe masu arziki suka daina yin sa a 1996, masu tasowa a 2010. R134a ya maye gurbinsa, shi kuma ba ya taɓa ozon amma yana ƙara ɗumamar duniya sosai, shi ya sa a 2016 aka yi gyaran Kigali don rage irinsa. R600a a Jamus aka fara sa shi a firjin kasuwa a farkon shekarun 1990, ba ya cin wutar lantarki da yawa, yanzu shi ne a mafi yawan sababbi.

Abin da ke ciki kaɗan ne, muddin yana rufe ba abin fargaba. Haɗarinsa wajen gyara ne da wajen huda. Mai gyara kar ya kusanto da wutar walda sai ya fitar da gas ɗin a fili mai iska ya wanke layin. A gida kuma in bututu ya huje, a buɗe tagogi, kar a kunna ashana, kar a taɓa makunnin fitila, sai iska ta kwashe shi.

Gobarar firji ma sau da yawa daga waya take tashi. Ta benen Grenfell da ke Landan a watan Yunin 2017, wadda ta ci rai 72, binciken hukuma ya nuna daga matsalar lantarki a wani firji ta fara. Don haka filogin da ya yi baƙi, wayar da ɓera ya ci, haɗin da aka naɗe da leda a bayan firji, sun fi ba ni tsoro a kan gas ɗin.

Baban Khalil:
Maganar huda ta zo daidai. Yarona ya ga ƙanƙara ta cika ɗan akwatin firiza na ƙaramin firjinmu, ya ɗauko wuƙa yana sara. Sai muka ji fiiii, wani farin hayaƙi ya fito. Wani ya ce in liƙe da gam in kunna.

Oga Bala:
Baban Khalil kar ka kunna. Gas ya riga ya tafi, liƙi ba zai dawo da shi ba. In ka kunna, kwamfireso zai zuƙo ruwan ƙanƙarar da ke narkewa ta ɓular ya kai shi cikin mai, ƙaramin aiki ya zama babba. Ka cire filogi, ka goge wurin ya bushe, ka manna salatif a kan ɓular don kar laima ta shiga, ka kai shi da wuri. Akwatin alminiyom ne, hanyar gas a cikin fatarsa take, ba kauri. Akwai masu yi masa walda ta alminiyom, akwai masu gam na musamman mai haɗi biyu, amma wanda ya fi kwanciyar hankali a canza akwatin gaba ɗaya in ana samu. Sai sabon filta, bakyum, ɗuri da sikeli.

Gaba in ƙanƙara ta taru, a kashe a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki a rufe, za ta saki da kanta. In kuma tana saurin taruwa, a koma maganar Hajiya Babba ta roba, ko a duba tamostat, abin da ke tsayar da injin in sanyi ya kai, in injin ba ya tsayawa sam.

Baban Khalil:
Na gode. Motar da zan kai shi a ciki ƙarama ce, sai an kwantar da shi. Akwai matsala?

Sani Mai Sanyi:
A tsaye ya fi. In ba hali, ka kwantar da shi a gefe, ba a bayansa ba, kar nauyi ya danne bututu. Ka duba kwamfireso, gefen da siririn bututun zafi ya fito shi za ka sa yana kallon sama, don mai kar ya gangara cikin layi. Ka ɗaure ƙofa, ka cire gilasan ciki. Da ka dawo da shi gida bayan gyara, ka tsayar da shi aƙalla awa 4 kafin ka sa wuta, in ya daɗe a kwance ka bar shi ya kwana. Kuma tunda naka a huje yake, ka gaya wa mai gyaran ya duba man kwamfireson ko ruwa ya shiga kafin ya rufe layin.